Tunkiyar Mama Talatu

Azumi ya sake faɗowa cikin bazara. Masu lissafi sun ce sai ya yi kamar shekara talatin da uku yake komawa inda ya baro, ni kuwa jikina ne ya riga kalanda gaya mini. Shekaranjiya bayan la'asar na miƙe daga kan darduma a ɗakina na nan Karu, sai bango ya yi hagu, fanka ta yi dama, na koma na zauna ba da shawarata ba. 'Yata Rabi ta ɗauko na'urar awo ta ɗaura mini a dantse, ta ce jinina ne ya sauka, wai ƙwayar hawan jinin da nake haɗiya da sahur ce ta haɗa kai da ƙishirwa. Daga nan ta shiga yi mini bayanin aikin ƙoda, a hankali, yadda ake yi wa tsofaffi. Na bar ta ta ƙare. Wanda ya yi rayuwarsa yana zana ƙoda a allo bai kamata ya katse ɗaliba ba. Amma tana magana ne hankalina yana wani ƙauye a bayan Kwali, inda na yi wancan azumin na bazara.

A lokacin ina sabon malamin kimiyya, gwauro, da akwatin littattafai wanda ya fi na tufafina nauyi. Abuja tana nan ana ta gininta. Mu abin da muka sani game da ita shi ne manyan motocin yashi da ke wucewa ta titin Lokoja suna girgiza mana tagogin aji. Na kama ɗaki a gidan wata Bagwariya, Mama Talatu, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma suka bi aikin gini birni. Kirista ce. Azuminsu na coci ya zo daidai da namu a shekarar, saboda haka gidan ya zama gidan mutum biyu masu yunwa, kowa da dokarsa. Hausarta ba ta damu da namiji da mace ba. Rana a wajenta "ya fito", tunkiya "ya ci". Watan farko ina gyara mata, wata na biyu na lura ba ta taɓa kasa fahimtar da kowa ba, alhali ni ɗalibai arba'in nake sa wa barci kullum da nahawuna cikakke.

Bazarar ta yi tsanani. Daminar da ta gabace ta ta ɗauke da wuri, doyar da aka tona ta fito ƙanana kamar dunƙulen hannu, kafin azumi ya raba rumbun Mama ya fara amsa kuwwa. Rijiyar unguwa ta ƙafe, sai laka mai wari. Ruwa sai a rafi, shi ma rafin suna kawai ya rage masa: mata su haƙa yashi har iya gwiwa, su zauna suna jiran ya tsattsafo, su kwasa da ƙoƙo. Tun kafin gari ya waye Mama take fita, ta dawo da tulu biyu, ɗaya bayan ɗaya, a kafaɗa yadda matansu ke ɗauka. Tulu biyun nan su ne girki, su ne alwalata, su ne shan kowa. Wanka sai ran Juma'a da Lahadi, kowa da ranarsa. Da hantsi kwanon rufi ya fara ƙara kamar ana taka shi. Da azahar ƙadangaru ma sai su bar katanga. Kullum da yamma hadari zai haɗo ta gabas, baƙi ƙirin, ya yi rugugi, mu fito da duk abin da zai tari ruwa har da murfin tukunya, sai iska ta zo ta kwashe shi ta kai wa wasu. Yanzu idan famfo ya yi kwana biyu bai kawo ba sai in ji jikokina suna cewa ana wahala, in ce musu haka ne.

Dukiyar Mama a duniya tunkiya ce guda, fara mai baƙin kai, ragowar garken mijinta. Ta shiga bazarar da ciki. Ciyawa ta ƙone, harawa ta ƙare, ɓawon doya da ganyen mangwaro take ci, har ƙashin bayanta ya fito ana iya ƙirga shi, cikin kuwa ya yi gaba shi kaɗai.

Ranar wata Asabar, na idar da sallar asuba ke nan na ji Mama tana kirana daga bayan ɗaki.

"Tica, zo ka gani. Ya haihu, amma jini bai tsaya ba."

Tagwaye ne. Na farko ya fito lafiya, na biyu ya zo a karkace, sai da Mama ta sa hannu ta jawo shi, a nan wani abu ya yage. Ƙasar wurin busasshiya ce, tana shanye jinin tun kafin ya bazu, saboda haka ba mu san iyakar abin da ya zuba ba. Mama ta toshe da tsumma, ta danne. Sai da rana ta ɗaga kafin ya tsaya. Tunkiyar tana kwance a gefe guda, wuya a miƙe, 'ya'yan suna ta laluben nono ba ta ko waiwaye su ba.

Likitan dabbobi yana Gwagwalada, mota kuwa sai an taka zuwa bakin titi an jira. Mazan ƙauyen duk suna sharar gona. Ana haka sai ga Inna Jumma, Bafulatanar da ke kawo mana nono, da ƙwaryarta a ka. Dattijuwa ce siririya, ba ta da yawan magana, kuma abin da ta sani game da dabba ban kai rubu'insa ba. Ta sauke ƙwarya, ta tsuguna, ta ja fatar idon tunkiyar ƙasa. Fari fat. Ta kama kunne, ta kama ƙafa.

"Sanyi," in ji ta. "Ta yi fitsari tun da ta haihu?"

Mama ta ce ko ɗigo.

"To ta kama hanya. Malam, kana da wuƙa?"

Ga yadda lamarin yake. Idan dabba ta mutu da kanta ta zama mushe, ba mai ci, ba mai saye, sai rami. Mama ma ta ce mijinta bai taɓa kawo mushe gidan ba, ba kuma za a fara a bayansa ba. Idan kuwa aka riga mutuwa da wuƙa, akwai nama da za a kyafe, akwai fata, akwai abin kai wa mahauci a Kwali. Mahaucin ba ya karɓar abin da ba Musulmi ya yanka ba, mata kuma a wajenmu ba sa yanka. Namiji Musulmi a wannan gefen ƙauyen a ranar ni kaɗai ne, mutumin da ko kaza sai ya kau da kai.

Na ɗora tafin hannuna a bayan ƙafar tunkiyar ta gaba. Zuciyar tana bugawa da sauri, ƙanana-ƙanana, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana tsoron a ji. Sai babin da na koyar a zangon da ya wuce ya dawo mini, har da lambar shafi.

Na ce, "Mama, ku ba ni dama in yi magana. Sanyin kunnen nan da rashin fitsarin, jikinta ne yake yin su da gangan. Idan jini ya ragu, ƙarfin tafiyarsa ya sauka, akwai masu gadi a manyan jijiyoyi da suke sanar da ƙwaƙwalwa. Sai jiki ya saki waɗansu sinadarai cikin jini, kamar 'yan aike. Ɗaya ya ce wa zuciya ta ƙara sauri, ya matse jijiyoyin kunne da ƙafa don jinin da ya rage ya tafi inda rai yake. Ƙoda ta aika nata, ta ce a riƙe gishiri. Wani ya taso daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ya ce kada a zubar da ruwa ko ɗigo. Kamar yadda kika rufe rumbu ne bana kika daina ba kaji dawa. Idan muka ba ta ruwa da gishiri kaɗan-kaɗan, jinin ya ɗan cika, ita da kanta za ta buɗe. Fitsarin shi ne alamar."

Inna Jumma ta saurare ni har ƙarshe, abin da ɗalibaina ba su taɓa yi ba.

"A littafin naka, tunkiya aka zana ko mutum?"

Na ce mutum ne. Ban ƙara da cewa an tsaga shi biyu kuma ba shi da fata ba.

"To."

Mama ta ce bari ta jiƙa kanwa a ɗura mata, kanwa tana sa fitsari. Na ce kada a yi, ƙofar da mai gida ya kulle da kansa ba a ɓalle ta. Ta dube ni, ta dubi tunkiyar, ta dubi 'ya'yan. Idan aka yanka uwar, su ma da wuya su kai mako, ta san haka. Idan aka jira ta mutu, an rasa duka.

"Har yaushe, Tica?"

"Har in sha ruwa."

"Idan ya mutu a hannunka, kai za ka haƙa rami. Ni ba zan duba ba."

Inna Jumma ba ta yarda a yi jiran hannu sake ba. Ta sa muka ja tunkiyar zuwa inuwar mangwaro, muka kwantar da ita ta gefen hagu, fuska ga alƙibla. Ta tona ɗan rami daidai wuyanta inda jini zai zuba. Ta wasa wuƙar Mama a bakin turmin dutse, ta gwada a gashin hannunta, ta ajiye a damana. A haguna kuma kwalbar lemo ce da na cika da ruwa, da ɗan gishiri, da ƙwayoyin sukarin da nake adanawa don kokon buɗa-baki. Haka na zauna a tsakaninsu.

Ɗurawar farko na ɗaga kanta sama kamar mai zuba kananzir a fitila. Inna ta buge mini hannu.

"Za ka cika mata huhu. Sauke kan. Ta gefen baki, bayan haƙora. Jira ta haɗiye. Ba a koya muku wannan ba?"

Ba a koya mana ba. Na bi yadda ta ce. Maƙogwaron ya motsa sau ɗaya, ya tsaya, ya sake motsawa. Na riƙa ba ta kurɓi biyar, in dakata, in duba agogo, in sake. Duk kurɓin da ya wuce sai in ji nawa maƙogwaron ya bi shi. Leɓɓana sun tsage tun kafin hantsi. Inna ta tsoma yatsa a nonon da ta kawo talla ta riƙa sa wa 'ya'yan a baki, tallan ranar ke nan ya tashi.

Kafin azahar randa ta nuna gindi. Na ce zan je rafi.

"Ka je, ta mutu, wa zai yanka?" in ji Inna.

Mama ta ɗauki tulu ta saɓa, ta fita cikin ranar da ko kare ba ya ratsawa. Na bi bayanta da kallo har zafin da ke tashi daga ƙasa ya narkar da ƙafafunta. Mace ce da ta haura sittin, ba ta karya ba ita ma. Sai a lokacin na auna abin da babin littafina ya jawo.

Kuskurena ya zo bayan azahar. Na yi sallah a nan gefen tunkiyar, da taimama, ina sallamewa na ga ta ɗago kai tana bin kukan 'ya'yanta da kunne. Daɗi ya kama ni, irin na malamin da amsarsa ta fito daidai. Inna ta zaga bayan gida. Na ce bari in tsayar da tunkiyar, in Inna ta dawo ta tarar da ita a kan ƙafafunta. Na rungumo ƙirjinta na ɗaga. Ta tsaya kamar na ƙirga uku. Sai ƙafafun suka lanƙwashe, idon ya juye, kan ya faɗi a hannuna kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ni da na gama bayani da safe cewa jinin da ya rage da ƙyar yake kaiwa ga kai tana kwance, ni ne na miƙar da ita.

"Me ka yi?" Inna ce a kaina. "Ɗauko wuƙar. Maza."

Wuƙar tana taku biyu daga inda nake. Na zabura na miƙe, sai duniya ta yi duhu daga gefe zuwa tsakiya, kunnuwana suka ɗauki ƙara, na ji ƙasa ta bugi kafaɗata. Da na buɗe ido ina kwance kusa da tunkiyar, kusan hanci da hanci, Inna tana yi mana fifita da faifai, ni sau ɗaya, ita sau biyu.

"Yanzu wanne zan sa a yanka, wanne zai yi yankan?" in ji ta. "Kwanta. Kai ma 'yan aiken naka su yi aikinsu."

Ta kama kunnena ta ce sanyi. Ban yi gardama ba. Ta ce in karya azumin, Allah ya san halin da ake ciki. Na ce ba ruwan da zan karya da shi sai na kwalba, shi kuwa yana da mai shi. Ta saka mini wuƙar a hannu ina kwance, ta naɗe yatsuna a kan ƙotar.

Tunkiyar ba ta mutu ba, amma ta koma baya. Numfashin ya zama gajere, sai ka zuba ido sosai kafin ka ga haƙarƙari ya motsa. Mama ta dawo wajen la'asar, tulu rabi, fuskarta ta yi toka-toka. Ta sauke, ta dubi tunkiyar, ta dubi ƙurar da ke jikin rigata.

"Ya tashi?"

Inna ta ce, "Malam ya tashe ta."

Mama ba ta tambayi ƙarin bayani ba, ni kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta zuba ruwan a kwalba da hannunta, ta miƙo mini, ta koma gindin mangwaro ta zauna ta haɗa tafukanta, bakinta yana motsi da Gwaranci.

Muka ci gaba. Kurɓi biyar, dakatawa, kurɓi biyar. Hadarin kullum ya haɗo, ya yi ruguginsa, ba wanda ya tashi ɗauko kwano. Iskar ta zo da zafi ta kaɗo busassun ganye cikin ramin da aka tona, Inna ta sa hannu ta kwashe. Kowane ɗan lokaci sai ta ja fatar idon, ta kama kunnen. Ni ma na kama. Wani lokaci in ji kamar ya yi ɗumi, wani lokaci in ce tafina ne ya yi zafi. Mutum uku, biyu sun ga jikoki, ɗaya yana da takardar shaidar koyarwa, mun tsura wa bayan tunkiya ido kamar masu duban wata.

Rana tana kan rufin coci fitsarin ya zo. Ɗan kaɗan ne, bai fi cikin ludayi ba, ja-ja kamar shayin da ya kwana, da wari mai hawa ka. Ya gangara ta cinyarta ƙasa ta shanye.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Mama, kin gani? Ƙodar ta buɗe."

Inna Jumma ba ta ɗago ba.

"Mai tafiya ma tana sakin nata, Malam. Na ga haka ya fi a ƙirga."

Wannan babu shi a babin. Na bincika kaina daga shafin farko zuwa na ƙarshe, ban sami inda aka bambanta fitsarin dawowa da na tafiya ba. Tunkiyar ta yi wani dogon numfashi, ta miƙe ƙafar baya, ta yi shiru. Haƙarƙarin na jira, na jira.

"Yanka, Tica," in ji Mama. "Ka yi ƙoƙari. Yanka kafin ya zama na rami."

Ta juya mana baya. Inna ta kama ƙafafun ta danne da gwiwa. Na durƙusa, na tallafi haɓar da hannun hagu, na ja kan baya har wuyan ya miƙe a kan ramin. Na raba gashin da babban yatsa, na sami maƙogwaro, na ɗora kaifin. Na yi bisimilla.

A ƙarƙashin yatsana wani abu ya motsa. Dunƙule ne kamar ƙwallon goruba, ya taso daga ƙirji, ya bi ta ƙarƙashin wuƙar, ya haura zuwa baki. Na ɗauka fitar rai ce, don ban taɓa riƙe wuyan mai mutuwa ba. Sai muƙamuƙin da ke cikin tafina ya goce hagu, ya dawo, ya sake gocewa.

"Tsaya," in ji Inna, a hankali, kamar kada tunkiyar ta ji. "Ɗaga hannunka. Tuƙa take yi."

Na kasa ɗagawa. Sai da ta saki ƙafafun ta zo ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya ta zare wuƙar. Tunkiyar tana kwance, ido rabi a buɗe, tana tauna ganyen mangwaron jiya kamar ba da ita ake ba. Inna ta ce dabbar da ta dawo da abincinta baki ba ranar za ta tafi ba, wannan kam ko a littafi a rubuta. Ta jawo 'ya'yan ta kanga su a nono.

Mama ta matso ta durƙusa. Ta shafa wuyan, ta tsaya, ta duba yatsunta. A inda na raba gashin akwai siririn layi ja, tsawon gaɓar yatsa, jini yana tsattsafowa. Ni ban san na fara yankan ba.

Ta tashi ta je murhu ta ɗebo toka, ta danna a wurin da babban yatsa, ta daɗe tana dannawa. Ba ta dube ni ba ta ce, "Jinin nan da ka zubar, Tica, gobe kai za ka je rafi ka ɗebo masa."